Tumatir Ɗaya, Shugabanni Goma Sha Ɗaya

Makarantar sakandaren da na yi a Unguwar Rimi asalinta gidan wani babban ma'aikaci ne, aka mayar da ɗakunan azuzuwa. Tun daga get har bayan banɗaki an malale ko'ina da siminti, ko ciyawa ba ta samun wurin tsirowa. A nan muka yi kulob ɗin manoma.

Dokar makaranta ce duk ranar Laraba bayan Azahar kowa ya tafi kulob ɗinsa. Ni wallahi ba son noma ya kai ni ba. Na je na muhawara suka ce sun cika, na wasan kwaikwayo kuwa babana ya ce kar ma ya ji. Mu goma sha biyu muka taru, kusan dukkanmu 'ya'yan ma'aikatan gwamnati, ba mu taɓa riƙe fartanya ba. Amma ofis kam mun iya, don mun tashi muna jin iyayenmu suna hirar fayil da mitin. A zaman farko muka raba muƙamai: shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, jami'in ban ruwa, jami'in taki, har da mai magana da yawun kulob. Ni aka ba sakatariya saboda rubutuna yana da kyau. Muƙamai goma sha ɗaya suka ƙare, aka bar mutum ɗaya ba komai, ƙawata da muke benci ɗaya, wadda ta zo daga ƙauye tana zaune gidan kawunta. Ita kaɗai a cikinmu ta taɓa shuka wani abu ya fito.

Gonarmu tsohon bokitin fenti ce, aka cika shi da ƙasa aka dasa tumatir guda ɗaya tak. Kar ku raina tumatir ɗin nan. Firinsifal ya faɗa a asambili cewa ranar bikin ba da kyaututtuka kowane kulob zai nuna wa iyaye aikinsa, wanda ba shi da abin nunawa za a rushe shi, a tura 'yan cikinsa kulob ɗin tsabtar muhalli. Sunan ne mai daɗi, aikinsu shara da yashe kwata. Idan tumatir ya mutu, tsintsiya za mu ɗauka.

Damina ta kankama, ganyen ya fara yin rawaya yana langaɓewa. Jami'in ban ruwa mutum ne mai bin doka, jadawali ya ce safe da rana, to safe da rana yake zubawa, ko da an kwana ana tafka ruwan sama. Na taɓa ganinsa da lema a hannu ɗaya, buta a ɗayan, yana ba tumatir ruwa.

Ƙawata ta ɗaga hannu a mitin ta ce bokitin ba shi da huji a ƙasa, ruwa ya kwanta, saiwar tana ruɓewa, a samo ƙusa a huda shi kawai. Shugaba, ɗan wani darakta ne mai gyara murya kafin ya yi magana, ya ce bokitin kayan makaranta ne, ba a taɓa kayan makaranta sai da izini a rubuce. Na zauna na tsara takarda zuwa ga malamin da ke kula da kulob ɗin. Ya rubuta a gefe cewa a duba, ya tura wa mataimakin firinsifal. Shi ma ya rubuta a duba, ya tura wa mai kula da sito, wanda ya tafi hutu.

Kafin ya dawo muka kafa kwamitin bincike na mutum uku. Bokitin yana ƙarƙashin tagar ajin da muke mitin, ana hango shi daga kujerar shugaba, amma sai da suka ɗauki mako guda kafin su kawo rahoto cewa lallai akwai ruwa a ciki. Wani ya kawo shawarar a dakatar da ban ruwa. Jami'in ban ruwa ya miƙe idonsa ya kawo ƙwalla, ya ce idan aka daina zuba ruwa shi jami'in me zai zama. Tausayinsa ya kama mu, aka yi ƙuri'a, aka amince ya ci gaba amma da rabin buta.

Ranar wata Litinin lokacin hutun tara, ƙawata ta ɗauki ƙusa da dutse ta kwantar da bokitin ta yi masa huji huɗu. Wani baƙin ruwa mai wari ya kwararo. Ta ja shi inda rana ke bugawa, ta kafa masa kara ta ɗaure da zaren buhu. Kafin kwana goma sabon ganye ya fito, har da fure.

Sai muka kira zaman gaggawa. An tuhume ta da lalata kayan makaranta, da yin aiki ba tare da muƙami ba, da tsallake kwamiti. Shugaba ya tambaye ta ko tana da abin cewa.

"Ai mutuwa zai yi," ta ce.

Shugaba ya ce wannan ba ya cikin ajanda. Aka ce masu son a kore ta su ɗaga hannu. Na duba hagu na duba dama, hannuwa goma a sama, duk suna kallona. Na ɗaga nawa, biro yana riƙe a ciki. Ba wanda ya tilasta ni. Tsoron kar a ce na bi bayan 'yar ƙauye ne ya kama ni, kuma gaskiya ina jin daɗin muƙamina. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ni na rubuta takardar korar, ni na miƙa mata a bencinmu. Tunda dole kowa ya zauna a wani kulob, aka mayar da ita na tsabtar muhalli.

Ranar biki tumatir ɗinmu ya yi 'ya'ya shida, huɗu sun yi jajawur. Muka ɗora bokitin a tebur mai labule, muka jera fayil a gefensa. Iyaye suka yi ta tafi. Babana ya buɗe fayil ɗin yana gyaɗa kai, ya ce wa na kusa da shi yaran nan sun san aiki. Mu goma sha ɗaya muka jeru aka ɗauke mu hoto.

Da aka watse na tsinke guda ɗaya a ɓoye, mafi girma, na rufe da hijabina na tafi nemanta. Na same ta tana share ledojin ruwa da bawon gyaɗa a ƙarƙashin rumfar baƙi. Na tsaya a gabanta na miƙa mata, na ce nata ne, ita ta yi wahalarsa. Ta kalli tumatir ɗin, ba ta karɓa ba.

"Sakatariya, ɗan ɗaga ƙafarki, zan share wurin."

Shekara uku muna benci ɗaya ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Na ɗaga ƙafata ta share, ta wuce gaba da tsintsiyarta.