Ranar da rautarmu ta shiga kwalla

Wata Juma'a ce bayan la'asar, lokacin cirar albasa, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Bunkure. Ni ne, da yayana, da Inna, da matan unguwa cike da ɗakinta. Ko an kwana biyu, wannan yammaci bai taɓa fita daga raina ba.

Ƙanwata da ke aure a Kumasi ta haihu, ran nan ake suna. Tafiya ta gagari Inna saboda ciwon ƙafa, sai aka shirya za a nuna mata jaririn ta kiran bidiyo kafin taro ya watse a can. Rautar gidan, wato na'urar da ke ba mu intanet, irin mai batir ɗin nan, a tagar Inna take zama, domin nan sabis ya fi ƙarfi.

Na tsaya a tsakar gida na danna kira. Shiru. Na kashe waya na kunna, na duba data, akwai. Shiga ɗakin kuwa ba dama, matan mutane sun baje, mayafai a ajiye. Sai na tsaya bayan labule na ɗaga murya.

"Inna, duba mini na'urar nan, wutarta na ci?"

"Bari in gani. Tana ci, kore shar!"

Nan take kira ya shiga. Muka ga goshin ƙanwata, muka ji guɗa. Kafin in miƙa wayar ciki, hoto ya daskare.

Na sake cewa ta duba. Ta duba, sabis ya dawo. Ta koma wurin baƙinta, ya ɗauke. Haka muka yi ta yi. Yayana, wanda shigowarsa ke nan daga ban ruwa, taɓo har gwiwa, ya ce, "Malam, ka bar wahalar da kanka. Idon Inna abin ke so. Ta zauna ta tsare shi da kallo kawai."

Na yi masa bayanin cunkoson layi ranar Juma'a, da murya irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Yanzu in na tuna bayanin nan, dariya nake yi.

A dubawa ta gaba na kasa kunne sosai. Sai na ji ƙarar murfi, ƙwal.

"Inna, wai a ina na'urar take?"

"Tana cikin kwalla mana. Abu mai tsada zan bari a taga, gida cike da 'ya'yan mutane? Tana nan tare da turamen zannuwana, ba abin da ya same ta."

Ashe tun safe ta adana ta yadda take adana duk abin da take ji da shi: cikin babbar kwallar ƙarfe, an danne da murfi. In ta buɗe ta leƙa, intanet ya fito. In ta rufe, ya koma.

Na roƙe ta ta fito da ita. Ta ce sai dai a bar kwallar a buɗe, ita kuma ta zauna kusa. Haka ta ga jikanta, waya a hannun dama, murfi a hagu, tana cewa hancin kakansa ne sak.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini intanet ɗinsa na wasa, ba na fara zargin kamfani. Tambayar farko ita ce inda ya ajiye rautar. Tamu ta koma taga washegari, Inna ta kifa mata faifai.