Littafin Dada Marar Bango

Ni ban yi nisa a boko ba, amma labarin 'yan leƙen asiri na sha shi tun ban iya ɗaura zane ba. A bakin kakarmu Dada na ji shi, a gidanmu na Fadaman Mada.

Dada tana da wani littafin Turanci marar bango. Marigayi kakanmu ne ya zo da shi daga GRA, lokacin yana kuku a gidan wani Bature. Da an idar da magariba sai ta tura itace a murhu, mu kewaye ta, har da Rifkatu 'yar maƙwabtanmu, mutanen Tafawa Ɓalewa. Ta buɗe littafin a cinya, ta lashi yatsa, ta ce, "Ga ta nan, amma ta yau daga takarda take, ba ruwanta da gizo."

Jaruminta Kyaftin Garba ne, mai fasfo uku da rediyo a dunduniyar takalmi. A labarin wani dare, an aike shi wata ƙasa ya gano yawan makaman da wani tsohon kwamanda ya tara. Ya shiga da sunan mai gyaran agogo, ya yi ta lallaɓawa har mabuɗin rumbun ya zo hannunsa. Da ya buɗe, wayam! Ko harsashi ɗaya babu. Ashe tsohon ɗakin banza yake gadi, don kada a kawo wa garinsa hari.

Nan yayana Bala, da ya shiga aji huɗu yana ji da kansa, ya katse ta.

"Dada, ke fa ko bihim ba ki sani ba. A ba Rifkatu ta karanta mu ji, ita ce ta ɗaya a ajinsu."

"Kai, maigidan nan nawa akwai tsaurin ido," in ji ta, tana dariya. Amma na ga ta ƙara riƙe littafin gam. Ƙafa ta riga ta hana ta fita, littafin nan kaɗai ke tara mata mutane. In aka ƙaryata ta a gabanmu, na san ba za ta sake buɗe shi ba.

Rifkatu ta karɓa, ta matsa kusa da wuta, ta daɗe tana bin layi da yatsa. Sannan ta ɗago.

"Haka aka rubuta, Dada. Ga ma sunan Kyaftin nan."

Dada ta ƙura mata ido, ta karɓi abinta. "To, Kyaftin ya koma gida. Manyansa suka ce, me ka gani? Ya ce, rumbu cike yake maƙil, kada wanda ya doshi garin nan. Ƙurunƙus, a rufe takarda."

Yanzu Rifkatu marubuciya ce. Littattafan leƙen asiri take yi da Turanci, 'yata ke karanta mini tana fassarawa, ni ina tsinkar zogale. A kowanne sai an sami tsohuwa wadda ta fi kowa wayo. Bara ta kawo mini ziyara, na tsare ta a kicin.

"Don Allah Rifkatu, me ke cikin littafin Dada?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Girke-girke ne, Asabe. Shafin nan, yadda ake gasa dankali ne."

Da ina yarinya na ɗauka gwanintar ɗan leƙen asiri ita ce gano sirri. Sai da na girma na gane wuyar tana wajen fitowa daga rumbun, lokacin da aka tambaye ka me ka gani. Yaya Bala har gobe cewa yake Dada ta iya Turanci a ɓoye. Ni kuwa in ya faɗa, sai in ce, "Ai haka aka rubuta."