Shafin da Bai Bushe Ba

Shekara talatin da biyu Ɗanladi ya yi yana fentin mota a wani gareji da ke bakin hanyar Makurɗi, a Lafiya. Ba ƙyallin bodi ya sa aka san shi ba, aikin da ido ba ya gani ne: ƙasan mota, cikin ƙofofi, bayan bonet. Sai ya kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, ya shafa jan maganin tsatsa, ya bi da wani baƙin shafi mai kauri kamar kwalta wanda ke shanye ƙarar hanya, sannan wani fari mai tare zafin inji da salansa. Fenti na sama shi ke kare su duka daga ruwa da mai. Dokarsa ɗaya ce, ba a ɗora shafi a kan wanda bai bushe ba. Direbobin doya kan ce in Ɗanladi ya taɓa motarka, ko a gargada kana jin rediyo, ƙafarka kuma ba ta dahuwa.

Abin da sana'ar ta bar masa bai wuce ɗaki biyu da tarin da ba ya jin magani ba. Warin fenti ya cinye masa ƙirji, har matarsa Indo ta gaji da dafa citta da kanumfari.

Yana da amini, Akaa, wani Tibi manomin doya a Assakio, wanda duk kaka sai ya sauke masa doya a ƙofar gida. Da damina ta yi tsaka Akaa ya rasu, aka ajiye gawarsa a asibiti kafin ranar binnewa. Ɗansa Ferdinand, ma'aikaci a Abuja, ya jawo tsohuwar a-kori-kurar uban zuwa gareji, ta ruɓe kamar kwando.

"Baba Ɗanladi, wannan mota ne zai kai gawar babana gida. Ka maida shi sabo."

Ɗanladi ya shafa sitiyarin da hannun Akaa ya suɗe, ya ce a ba shi sati biyar. Duk wani aiki ya ture shi gefe. Amma dangi suka matso da ranar binnewa, ga ruwa ba dare ba rana, iska duk laima. Ranar da Ferdinand ya dawo, farin shafin na nan danƙo-danƙo.

"Ɗana, taɓa ka ji. In na rufe shi yanzu, zafi na bugunsa zai tashi. Ka nemi wata mota."

"Haba Baba! Na riga na faɗa wa kowa. Jibi ne fa. Abokinka ne, ko ka manta?"

Wannan kalma ce ta karya shi. Ya ɗauki bindigar feshi ya rufe ɗanyen shafin da fenti, yana tari, yana sane da abin da yake yi.

Motar ta fita tana sheƙi. Ba su kai rabin hanya ba ƙasanta ya kumbura, shafin ya narke a kan salansa, hayaƙi mai wari ya cika gaban mota. Mata suka yi ta ihu. A bakin titi, gaban jama'a, aka sauke akwatin Akaa aka ɗora a motar ɗaukar siminti.

Bayan kwana uku Ferdinand ya zo gareji da waya a hannu yana ɗaukar hoton bidiyo.

"Ku gan shi! Tsohon ɗan damfara. Gawar babana ya wulaƙanta!"

Ɗanladi ya ci gaba da wanke bindigar feshinsa. Hoton ya zagaye wayoyin gari. Direbobin da ya yi wa aiki shekara da shekaru suka koma wucewa ba ko gaisuwa, mai gareji kuma ya ba wani rumfarsa.

Indo ta yi ta faɗa. "Malam, ka buɗe baki mana! Ka ce ka gargaɗe shi."

"Na gargaɗe shi. To hannun wa ya fesa?"

Yanzu ƙofofin gida da tankunan ruwa yake wa fenti a unguwa, in ƙirjin ya bar shi ya fita. Sau biyu ya hau motar Assakio da niyyar yi wa matar Akaa ta'aziyya, sau biyu yana sauka tun kafin a bar tasha.