Gidaɗo da Fatun Layya

Annobar shanun nan da mutane suka riƙa kira Sannu ta ratsa ƙasar Kontagora wajen shekarar 1891. Da ranin da ya biyo baya Gidaɗo ya shigo gari. Shekarunsa sun kai talatin da biyar. Yana tafe da matarsa Kubura, da 'yarsu Sakinatu a goye, da sandar kiwo wadda babu sauran abin da za a kora da ita. Shanu sittin da 'yan kai ya gada daga mahaifinsa a wata ruga da ke kan hanyar Salka, kuma a cikin kwana goma sha biyu suka ƙare. Na farko ya binne su. Da abin ya yi yawa sai ya bar wa ungulu.

Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, Hausarsa ma ta gaisuwa ce da tallar nono. Ya gwada dako kwana uku, bayansa ya ƙi. Wani mahauci ne ya ji tausayinsa ya nuna masa hanyar majemar Maikuɗi, can gefen gari kusa da rafi, inda iska ke kwashe wari ta yi daji da shi.

Maikuɗi dattijo ne mai kimanin shekara sittin, jima kuwa gadonsa ce. Ɗansa ɗaya ya rasu, ɗayan ya bi fatake bai dawo ba, saboda haka yana bukatar hannu. Ya dubi baƙon daga sama har ƙasa.

"Me ka iya?"

"Na san shanu," in ji Gidaɗo.

"Masu rai ka sani. Nan sai sun mutu suke zuwa. Za ka jure wari?"

"Zan jure."

"To ga ɗaki can bayan gida, ga tuwo sau biyu a rana, kai da iyalinka. Ran da na ga hannunka ya faɗa, zan ba ka kartaji naka da kwatarniya biyu, ka tsaya da ƙafarka. Ran da ka ɓata mini aikin mutane kuwa, ka kama gabanka. Ka ji?"

Gidaɗo ya ce, "To."

Haka ya shiga sana'ar. Wata biyu na farko ɗiban ruwa kawai yake yi, da tara toka, da dakan bagaruwa a turmi har idonsa ya yi ja. Daga nan ya fara taɓa fata. Busasshiyar fata ana jiƙa ta a ruwa kwana biyu ko uku ta yi laushi, a tsoma ta a ruwan toka gashin ya saki, a shimfiɗa ta kan gungume a kankare da kartaji, wato wuƙar nan mai ƙota biyu da majema ke turawa da hannu bibbiyu. Bayan nan ta kwana cikin kashin tattabaru, a wanke, sannan ta shiga ruwan bagaruwa. Gidaɗo yana da ido. Abin da ya gani sau biyu, a na uku zai yi shi daidai. Ruwan toka ya tsattsage masa yatsu har suna jini, bai taɓa nuna wa kowa ba.

Sai dai akwai wani abu tsakaninsa da maigidansa da babu wanda ya faɗa wa wani. Maikuɗi ba ya koyarwa da baki sai an tambaye shi. Haka ubansa ya yi masa, kuma a ganinsa wanda bai yi tambaya ba ya sani ke nan, in ka yi masa bayani ka raina shi. Gidaɗo kuma ya tashi a inda ƙarami ba ya tare babba da tambaya. A ruga yaro yana bin bayan ubansa ne yana kallo, har ya san saniya mai ciki daga tafiyarta ba tare da an ce masa uffan ba. Bayan wannan, mutumin da aka haifa a tsakiyar garke ya buɗe baki ya ce bai san wani abu game da fata ba, a wurinsa wannan abin kunya ne da ya fi yunwa ciwo.

Ruka, matar Maikuɗi, ita ta fara lura. Wata rana ta kawo musu fura ta tarar sun yi rabin wuni suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya yi magana.

"Ku biyun nan kamar masu zaman makoki," in ji ta. "Ɗan Fulani, komai aka ce maka sai ka ce to. Ko an ce ka sha ruwan tokar nan, to za ka ce?"

"To, Inna," in ji Gidaɗo.

Maikuɗi ya yi dariya har ya ajiye kartaji. Maganar ta wuce a matsayin wasa.

Babbar Sallah ta faɗo da damina a shekarar. Bayan layya mutanen unguwa suka kawo fatun ragunansu a yi musu buzu, guda ashirin da uku, kowace da alamar mai ita a jikin ƙafa: wani ya ɗaura zare, wani ya yanka tsaga biyu. Fatar layya ba kamar ta kasuwa ba ce, kowa tasa yake so, ta ragon da ya yanka da hannunsa. A cikinsu akwai wata fara tas mai baƙin wuya, ta Iya Fadimatu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Shekara biyu tana kiwon ragon a ƙofar ɗakinta. Ta kawo fatar da kanta, ta ce gwiwoyinta sun daina jure tabarma, tana so ta yi sauran sallolinta a kan laushi.

Gidaɗo bai taɓa ganin an yi buzu a majemar ba, domin bayan layyar bara ya zo. Washegari kuma aka aiko wa Maikuɗi cewa ƙanensa ya rasu a wani ƙauye ta wajen Auna. Tafiyar kwana huɗu ce, zuwa da dawowa.

Da zai tafi ya nuna tarin fatun, waɗanda suka sandare ba su gama bushewa ba saboda ruwan sama.

"Waɗannan na buzu ne. Ka jiƙa su, ka kankare bayansu, in na dawo mu shafa bagaruwa. Kada su ga toka."

"To, Baba."

Ruka ta ba da labari daga baya cewa mijinta ya daɗe a bakin zaure yana gyara igiyar takalmin da babu abin da ya same ta. Gidaɗo kuma yana tsaye da kansa a ƙasa. Ya san gashin buzu ba a cire shi, ya san toka ce ke cire gashi. Abin da bai sani ba shi ne tsawon lokacin jiƙon. Tambayar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Maikuɗi ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Gidaɗo ya yi abin da idonsa ya saba gani. Ya cika kwatarniyoyi da ruwan rafi, ya danna fatun, ya ɗora duwatsu, ya bar su kwana uku kamar kowace fata. Ana ruwa da safe, rana ta buɗe da zafi, ruwan jiƙon ya yi ɗumi yana kumfa. Ran na uku da hantsi ya ɗago ta farko, ya shafa hannu a kanta, sai gashin ya biyo tafinsa kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ya ɗago ta biyu, haka. Ya fitar da su duka ya shimfiɗa a kan ciyawa. Huɗu ne kawai suka tsira da ɗan dama. Ta Iya Fadimatu ta zube tun daga wuya har gadon baya.

Bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya bar su a shimfiɗe, ya zauna kusa da su har Maikuɗi ya dawo washegari da la'asar.

Dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Bai ɗaga murya ba.

"Kwana nawa?"

"Uku."

Maikuɗi ya shiga rumfa, ya ɗauke kartajin da Gidaɗo ke aiki da shi, ya kai ɗakinsa. Da gari ya waye ya sa aka naɗe fatun, ya ce Gidaɗo ya ɗauka ya biyo shi. Gida goma sha tara suka shiga. A kowane zaure Maikuɗi ne ke magana, kuma magana ɗaya yake yi: "Fatarka ta lalace a majemata. Laifina ne, ka yi haƙuri." Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wani ya ce dama an gaya masa majemar ta koma ruga. Gidaɗo yana tsugune a baya da kaya a ka, yana jin komai.

Iya Fadimatu ta buɗe tata ta daɗe tana kallo. Ta shafa ɗan baƙin gashin da ya rage a gefen wuya.

"Ɗan nan, kai ne ka yi?"

"Ni ne, Iya."

"An ce ku kun fi kowa sanin dabba."

Ta naɗe fatar ta miƙa masa. "Tafi da ita. Ba zan iya ganinta haka ba."

Kwana biyar bayan nan Maikuɗi bai ba Gidaɗo aiki ba, bai kuma ce ya tashi ba. Yakan wuce shi kamar bai gan shi ba. Tuwo yana zuwa ɗakin baya kamar kullum, Gidaɗo ya daina ci. Ya ce wa Kubura ta ɗaure kayansu, tun da sharaɗi ne aka yi kuma shi ya karya.

"Mu je ina?" in ji Kubura. "Rugar da kura ke kwana a ciki? Yarinyar nan ta fara ƙiba a gidan nan. Ni ba zan ɗaure komai ba sai an ce mana mu fita."

Ruka ta same shi a bayan gida yana feƙe sandarsa ta kiwo, aikin da ba shi da dalili.

"Ɗan Fulani, in korar ka zai yi, da tun ran da ya dawo ya yi. Jira yake."

"Jiran me, Inna? Na ba shi haƙuri."

"Haƙuri ya ishe shi, gida goma sha tara ya raba shi. Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, ko hanyar rijiya ba ya nuna wa wanda bai tambaya ba. Ran da zai tafi ka ga ya tsaya gyaran takalmi. Kana tsammanin takalmin ne ya lalace?"

Ruka ta ci gaba.

"Kai kana jin kunyar tambaya, shi yana jin kunyar faɗa. Ga Iya Fadimatu can tana salla a kan tabarma."

Ya ƙara kwana biyu bai je ba. A na uku da safe ya sami Maikuɗi a kan gungume yana kankara shi kaɗai, numfashinsa na fita da ƙyar. Gidaɗo ya tsuguna nesa kaɗan. Ya gaishe shi, aka amsa. Sannan ya ce:

"Baba, fatar buzu, kwana nawa take yi a ruwa?"

Maikuɗi bai daina kankara ba.

"Ba ta kwana. Ka jiƙa da hantsi, ka fitar kafin azahar. Da damina ma ba ta kai haka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Abin da ka tsaya a kansa ke nan." Ya ɗago ya dube shi. "Akwai wata?"

Akwai, kuma da yawa. Gidaɗo ya tambayi yadda ake gane ruwan toka ya yi ƙarfi, da abin da ya sa wata fatar ke yin baƙi a bagaruwa, da abin da ake shafa wa hannu in ya tsage. A kan ta ƙarshen Maikuɗi ya kama hannun nasa ya juya, ya ga tsagar da ta yi watanni, ya kira Ruka ta kawo man kaɗanya. Kafin azahar kartajin ya koma rumfa.

Gidaɗo ya tsira da wurinsa, amma abin bai wuce ba tare da tabo ba. Shekara uku mutanen unguwar suna kai fatun layyarsu wata majema a ƙetaren rafi, kuma gidan Maikuɗi ya ji wannan a tukunyarsa. Kartaji da kwatarniya biyun da aka yi wa Gidaɗo alkawari sai bayan shekara bakwai ya same su, lokacin da idon dattijon ya fara dushewa. 'Yan uwansa da suka fara haɗa 'yan shanu daga baya sun zo gari sau biyu, suka gaisa da shi a tsaye saboda warin da ke jikinsa, ba su ci abincin gidansa ba. Bai koma kiwo ba.

Fatar Iya Fadimatu ya jeme ta sumul ba gashi, aka ɗinka guga da ita. Ya yi niyyar in layya ta zagayo ya nemi farar fata ya yi mata buzu da hannunsa, ya kai mata ko za ta karɓa. Ta rasu da kaka, wata huɗu bayan sallar. Gugan ya yi shekaru a bakin rijiyar majemar, kuma duk wanda ya zo koyon aiki a hannun Gidaɗo, da shi yake fara ɗiban ruwa. Kafin ya bar mutum da fata, yakan tsaya a bakin rumfa ya ce, "Faɗa mini yadda za ka yi, tun daga farko," kuma ba ya tafiya sai ya ji amsar.