Sayen Talabijin a Tsakiyar Damina

Mun tashi daga tashar Zuru da asuba, ana saukowa daga masallaci, yayyafi na sauka kaɗan-kaɗan. Motarmu ce ta farko mai zuwa Kontagora. Na ce "mun tashi" ne don motar cike take, amma ni kaɗai na fito daga gida. Ni na kulle ƙofa, na jefa makullin a aljihu, domin babu wanda zan bar wa shi.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye alli shekaru kaɗan da suka wuce. Mai ɗakina ta rasu bara, bayan ƙaramar Salla. 'Ya'yanmu duk sun watse neman abinci: babban yana Kaduna, na biyu soja ne yana can gabas, autar kuma aure ya kai ta Minna. Bayan rasuwar da 'yan watanni, tsohon talabijin ɗinmu mai ƙaton baya ya yi wata ƙara, hoton ya dunƙule ya zama ɗigo, ya ɓace. Na kai wa mai gyara, ya buɗe bayansa ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali, ya ce, "Malam, wannan sai dai a yi mishi addu'a."

Tun daga ranar nake shirin sayen sabo, kuma tun daga ranar nake jira. Da kaka ba a sayen irin wannan kaya, domin manoma sun sayar da hatsi, kowa aljihunsa da nauyi, 'yan kasuwa kuma sun sani. Gab da Kirsimeti ma ba magana, don a Zuru lokacin ne sojoji da ma'aikata ke dawowa gida, kowa na son ya shigo wa iyayensa da kwali a kafaɗa. Kafin Salla haka, lokacin manyan wasannin ƙwallo haka. Marigayiya tana da wata ƙa'ida da ta riƙe gidanmu da ita shekara da shekaru: abin da ake ci a saye shi da kaka, abin da ba a ci a saye shi da damina. Katifa, kwanuka, keken ɗinkinta, duk cikin ruwan sama suka shigo gidan, lokacin da kuɗin mutane suka shige gona, suka zama taki da maganin feshi. Na bi ƙa'idarta. Na zauna da rediyo da ƙarar agogon bango har dawa ta kai ƙugu.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani. Da na yi ƙorafi, ɗan kamasho ya nuna mini gidan man da ke tsallake da haɓarsa. An cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. A damana wata dattijuwa ce daga wajen Bena, za ta je wankan jegon 'yarta, da ƙullin daddawa a cinya wanda ya gabatar da kansa ga duk motar tun kafin mu fita gari. A haguna wani saurayi ne da ya yi barci tun a tasha, ya mai da kafaɗata matashi.

Da gari ya waye sosai muka ga ƙasar. Wanda bai ga duwatsun Zuru da damina ba bai san su ba. Kore ne tun daga gindi har kai, hazo ya rataya a wuyansu, gonaki sun hau su hawa-hawa. Mun wuce samari a jere cikin wata gona, fartanyoyinsu na tashi tare suna sauka tare. Direba ya ce 'yan golmo ne, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da yake nema. Dattijuwar ta ce yaran yanzu sun fi son su turo kuɗi ta waya a ɗauki 'yan ƙwadago. Aka yi dariya.

Hanya kuwa sai haƙuri. Ramukan sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa shi. A shingayen jami'an tsaro mukan rage gudu, a leƙo, a gaisa, a ɗaga mana hannu. Duk inda daji ya yi duhu sai hira ta mutu a motar, kowa ya san dalili, ba mai faɗa. In an fito fili sai wayoyi su fara aiki. Wannan ya kira matarsa ya ce mun wuce wuri kaza, waccan ta kira ɗanta ta ce a ɗora ruwa. Har saurayin nan mai barci an tashe shi da kira, na ji muryar mace tana tambayar ko ya karya. Ni ma na ciro tawa wayar, na duba lokaci, na mayar.

A Rijau muka tsaya karin kumallo. Na sayi masa da miyar taushe a wajen wata mata da ke bakin tasha. Masar ta yi daɗi, sai dai ta ƙanƙance, har ina ganin da an ɗaga ta sama za a hango rana ta cikinta. Dafaffiyar gyaɗa sabuwa ce, ita ce kaɗai abin da na samu da araha a duk tafiyar. Matan Fulani sun jera ƙoren nono a ƙarƙashin wata bishiya, nonon damina mai kauri. Na saba sayen fura kashi biyu in na bi hanyar nan. Hannuna ya kai ga ƙullawa biyu kafin na tuna, na ce wa mai furar ta rage ɗaya.

Mun shiga Kontagora kafin azahar. Na hau babur zuwa layin masu kayan wuta, kuma tun daga bakin layin na gane ban yi kuskuren lokaci ba. Shaguna a buɗe, talabijin jere-jere suna ta nuna kifaye da furanni, amma ba mai saye. Masu shagunan na zaune a benci suna dara. Da suka ga tsoho da lema da jaka a hammata, dara ta watse.

Shagon farko wani matashi ya faɗa mini kuɗin da na ɗauka har da shagon zai haɗa mini. Na biyu ya yi sauƙi, amma kwalin an taɓa buɗe shi an liƙe, shi kuma ya rantse daga kamfani haka ya zo. Na yi godiya na wuce. A na uku na tarar da wani dattijo Ibo mai furfura, wanda Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya ce a garin ya girma. Bai ɓoye mini komai ba: tun da ruwa ya zauna ciniki ya kwanta, ga sababbin kaya za su iso kafin ƙarshen shekara, yana son ya rabu da samfurin bara ya sami wurin ajiya. Ya ce in na dawo bayan an yi girbi, wannan kuɗin ko a mafarki ba zan ji shi ba.

Ya nuna mini wani babba da ya kusa cin rabin bango.

"Malam, gidanka mutum nawa ne? In akwai jikoki, wannan za ka ɗauka, kowa ya gani daga inda yake zaune."

Na ce, "Ni kaɗai ne."

Ya dube ni. Ya jawo kujerarsa ya ba ni, shi ya zauna a kan wani kwali. Ya ce iyalinsa suna can gida kudu saboda karatun yara, sau ɗaya yake ganinsu a shekara. Ya nuna bangon shagon da hannu.

"Ka ga duk waɗannan? Tun safe suke magana. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci."

Sai ya sauko mini da matsakaici, ya ce wannan ya ishi ɗakin mutum ɗaya, kuma ba ya cin wuta.

Nan aka zo ciniki, inda ban da gwaninta ko kaɗan. A gidanmu marigayiya ce mai ciniki, ni ɗan riƙe jaka ne. Amma na sha ganin dabararta: in an ƙi sallamawa sai ta gyara mayafi ta juya, ba ta kai ƙofa sai an kira ta. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, ya ce albarka. Sai na miƙe, na gyara hula, na fita da taƙama. Na kai ƙofa, shiru. Na sauka daga baranda, shiru. Na tsaya a gaban shagon mai fanka ina kallon fankokin da ba na bukata, ruwa na ɗiga mini a wuya, kunnena na baya. Ba wanda ya kira ni. Da na gaji na koma da ƙafata.

Na tarar da shi yana dariya har da riƙe ciki.

"Na san za ka dawo, Malam. Ka bar lemarka."

Ni ma dariyar na yi, irin wadda na daɗe ban yi ba. Bayan nan ya sallama a kan abin da ya ɗan ɗara tayina. In aka gwada da kuɗin da aka faɗa mini a Zuru wajen Kirsimeti, ragin ya kusa sayen buhun masara, ko bayan an cire kuɗin mota. Ya buɗe kwalin a gabana, ya kunna, muka duba gilashin lungu-lungu, ya gwada rimot, ya rubuta rasit. Ya ce kada in kuskura in haɗa shi da wutar gari kai tsaye ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Na sayi ƙarama. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da keke mai ƙafa uku, ya ce in gaida gida. Sai ya tuna, ya ce, "To, ka gaida kanka."

Na yi azahar a masallacin tasha, na ci shinkafa da wake a tsaye. Direban komawa ya dubi kwalin ya ce ba ya shiga but ɗin bayan mota, don akwai buhunan taki da jarkokin manja, in ya fashe ba ruwansa. Sai dai in biya masa kujera. Na biya. Aka zaunar da talabijin a gefen taga, ni a kusa da shi, hannuna a kansa. Wurin taga nan ne wurin mai ɗakina duk tafiyar da muka taɓa yi, saboda mota na juya mata kai.

Bayan Rijau hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gilashin tagar ba ya rufuwa duka, ruwa ya fara tsiyaya a kan kwalin. Ina ta kare shi da hula da hannun riga, sai wata mata a bayana ta kwance ƙullinta, ta ciro zani sabo fil, ta miƙo.

"Baba, rufa mishi. In mun isa ka ba ni."

Ban san sunanta ba, ban kuma tambaya ba. Can gaba motar ta kafe a laka, aka ce maza su sauka su tura. Na yunƙura zan fita, direba ya ce, "A'a Baba, zauna ka riƙe amaryarka." Haka na zauna cikin mata da jarirai, rungume da kwali, ina kallon samari suna tura mu cikin ruwa, kunya da godiya sun haɗe mini.

Mun iso Zuru ana kiran magariba. Na mayar wa matar zaninta a jiƙe, ta ƙi karɓar ko kuɗin sabulu. Na buɗe gida, na tarar an ɗauke wuta. Na ɗora talabijin ɗin a kan teburin tsohon, na share shi da tsumma ko da yake ba ƙura a jikinsa, na zauna ina ganin inuwata a baƙin gilashin.

Sai da aka kwana biyu aka kawo wuta, da la'asar. Na kunna. Hoto tangaran, murya ta cika ɗakin. Ana hira da wani mutum da ke ta alkawarin gyara duniya, ya faɗi wani abin dariya, na juya hagu na ce, "Kin ji shi ko?" Kujerar marigayiya na nan inda take, da ɗan matashinta. Na kashe talabijin ɗin.

Ga masu tambayata ta saƙo ko tafiyar ta biya: ta biya. In za ku sayi kayan wuta ku jira ruwa ya zauna, ku nemi samfurin bara, ku zaga shago fiye da ɗaya, ku sa a kunna a gabanku. Amma ku lissafa da abin da jiran zai ci muku. Ni na sami ragin buhun masara, na kuma yi watanni ina cin tuwo ba muryar kowa a ɗaki. Na gane kuma cewa abin da na je nema Kontagora ba a kwali yake zuwa ba, ko da wane lokaci aka saye shi.

Da na sake kunnawa, sai na buɗe ƙofa da taga, na ƙara murya. Ba a jima ba na ji sanda na ƙwanƙwasa dakali. Maƙwabcina ne, wani tsohon soja da 'ya'yansa ke zuwa sai Kirsimeti. Shekaru muna gaisawa ta kan katanga, bai taɓa shigowa ba sai ranar gaisuwar rasuwa.

"Malam, labarai ne?"

Na ce, "Su ne. Shigo."

Ya tsaya yana neman wurin zama. Kujera ɗaya ce ta rage a ɗakin. Na ɗauke matashin na ce ya zauna. Muka kalli labarai har ƙarshe, muka yi tsaki tare sau ɗaya da aka zo maganar kuɗin taki. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara riƙon sandarsa.

"Gobe ƙarfe nawa suke farawa?"

Rediyo na rataye a wuyansa, ya fi ni sanin lokacin labarai. Na faɗa masa, na ce ya zo da wuri, zan dafa shayi.