Tabarmar da Ba Ta Saƙuwa

Shekarun baya, lokacin Turawa suna haramar tafiya amma ba su tafi ba tukuna, ina aiki a ofishin safiyo, wato na masu awon ƙasa, a Haɗeja. Ba wani babban aiki ba ne. Karatuna a elemantare ya tsaya, sai dai hannuna yana da tsabta, shi ya sa aka ba ni tebur ina kwafar taswirar gonaki da fadamu. Ina da rula, ina da kamfas, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake zana da'ira da shi, ina kuma da keke. A ganina a lokacin, babu abin da na rasa.

Abokina, wanda muka fara aji ɗaya tare, shi ya yi gaba. An kai shi makarantar kwana tun yana ƙarami, daga nan kwaleji a Zariya, da ya gama aka tura shi Ingila ya yi babban kwas na zanen yadi, irin adon da ake bugawa a jikin atamfa. Wasiƙunsa hannuna suke zuwa, ni nake zuwa in karanta wa mahaifinsa, don tsohon idonsa ya yi rauni, jikinsa ma ba ƙwari. A ciki yakan ba da labarin yadda suka shafe wata guda suna zana ganye ɗaya, da yadda matar da yake zaune a gidanta take dafa komai da ruwa da gishiri kawai. Tsohon ba ruwansa da ganye. Duk sanda na gama karatu, tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe ya ce zai dawo?" In ce, "Baba, da faɗuwar damina mai zuwa." Sai ya ce to, Allah ya nuna mana.

Ana tsakiyar damina wasiƙa ta zo, wannan tawa ce ni kaɗai. Ya ce a shekarar ƙarshe kowane ɗalibi zai fito da babban aiki guda, a kansa za a ba shi takardar shaida. Shi ya zaɓi adon tabarmin ƙasarmu, zai mai da shi adon yadi. Yana so in zaga Miga da Kafin Hausa da ƙauyukan bakin kogi, in zauna wurin masu saƙa, in kwafo masa adon yadda yake, da sunan kowane. Ya rufe da cewa, "Mutumina, kai ne idona a can."

Na tafi sau ɗaya. Ruwa ya cika fadama, na ɗora keke a ka na ratsa har ƙugu, sauro ya yi walima da ni. Da na isa kasuwar Kafin Hausa na tsuguna gaban masu tabarmi, sai na ga abin da nake gani tun ina rarrafe: layi ja, layi baƙi, ɗan karkace nan, ɗan tsani can. Na ce a raina, wannan za a kai gaban Turawa? Ai dariya za su yi masa. Gaskiya kunya na ji, kuma gaskiya ta biyu, ba na son sake ratsa ruwan nan.

Na dawo ofis na ɗauki kamfas. Cikin sati biyu na zana ado goma sha biyu, da da'irori masu shiga juna, da lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Na raɗa musu sunaye. Ɗaya na ce masa "Wata a Gulbi", na rubuta cewa wata tsohuwa ce a Miga take saƙa shi, ta gada wurin kakarta. Na aika, har ina jin na yi masa alheri.

Abin da zai ba ku mamaki, mahaifiyata masaƙiyar tabarma ce. Kullum na dawo aiki nakan same ta a tsakar gida da jiƙaƙƙiyar kaba a gefenta, yatsunta jajur da rinin karan dafi. Tsallake kabar nake yi in wuce ɗaki. Ban taɓa tunanin in tambaye ta komai ba.

Amsarsa ta zo da murna. Malamansa sun yaba, ya gina aikinsa gaba ɗaya a kan zanen nan, "Wata a Gulbi" shi ne a tsakiya. Watanni suka shuɗe. Bayan an gama sanyi sai ga wata wasiƙar. Malamar da ke koyar da saƙa ta ce dole ya saƙa ɗan gwaji na kowane ado da hannunsa, a ajiye kusa da yadin, a ga asalinsa. Ya ce ya yi sati shida yana fama da wani ganye mai kama da kaba, yatsunsa duk sun tsage, da'irar ta ƙi fita. "Don Allah ka koma wurin tsohuwar nan ta Miga, ka gano mini yadda take juya hannunta. Jarrabawa saura wata uku."

Na sa wasiƙar cikin aljihun tebur. Sati uku tana nan. Wannan ma ina lissafa shi cikin laifina, kila ma shi ne babba.

Da abin ya ishe ni, ran wata Juma'a bayan la'asar na ɗauko kwafin zanen na tsuguna gaban mahaifiyata. Na ce, "Inna, za ki iya saƙa mini wannan?"

Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta juya takardar sama da ƙasa. "Faifai kake so?"

"Tabarma."

"Tabarma." Ta sake dubawa. "Kaba sama take bi, ƙasa take bi, ta tsallake ɗaya ko biyu. Ba ta zagaye. Wannan ko aljani ka kawo sai ya ba ka haƙuri. Wa ya zana?"

Na ce wata tsohuwa ce a Miga take saƙa shi.

"Wace tsohuwa? Gidan wa?"

Na hau gyara zaman hulata, ta ci gaba.

"Masu saƙar Miga babu wadda ban ci tuwon gidanta ba. Faɗi sunanta, gobe in je ta koya mini, in daina wahala." Ta ɗora takardar a gwiwa tana kallona. "Malam akawu, wannan ƙafar ƙarfenka ce. Ga ma hudar da ya yi a tsakiya."

Na duba, ga huda kuwa. Nan na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Ka bar tabarma a ƙarƙashin ɗuwawunka ka tafi neman ta a takarda. Yaron mutane yana can yana yanka yatsu." Sannan ta aika aka kira maƙwabtanta biyu. Cikin kwana tara suka saƙa ƙananan gwaji goma sha huɗu, kowane kamar faɗin tafin hannu biyu. Suna faɗar sunayen ina rubutawa: ƙafar kaza, haƙorin kada, tsani. Ɗaya suka yi ta gardama a kan sunansa, mahaifiyata ta ce in rubuta duka biyun, kada in zaɓa musu.

Wasiƙar da na rubuta masa na faɗi gaskiya ita ce mafi gajarta a rayuwata, kuma sau huɗu ina yagawa. Ta tafi ta jirgin sama. Ƙunshin gwajin kuwa na kai shi tashar Malam Madori, ya bi jirgin ƙasa, ya bi jirgin ruwa. Bai isa ba sai jarrabawa saura 'yan kwanaki.

Daga baya na ji yana da hanya mai sauƙi: ya ce gwajin ya gagara, ya miƙa yadin a haka, babu wanda ya san Miga a can. Bai yi ba. Ya je ya faɗa wa malamansa cewa adon ba na gaske ba ne, bai ambaci sunana ba. Suka ba shi wata shida ya sake aikin daga farko.

Ni na karanta wa mahaifinsa wasiƙar ɗage dawowar. Ya ce, "Me ya riƙe shi?" Na ce, "Baba, aiki ne ya ƙaru." Ko a nan ban iya faɗar gaskiya ba. Ya ce to, Allah ya nuna mana. Damina ta faɗi ta wuce. Ana yankan gero tsohon ya rasu. Abokina ya iso bayan an yi sadakar arba'in.

Na je masa ta'aziyya, na zauna can gefe. Da mutane suka ragu na matsa na fara magana, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kwanan Baba ba a hannunka yake ba. Wata shidan nan dai a hannunka suke. Ka sani, na sani, ya isa." Sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Zanen naka ya yi kyau. Da ka ce naka ne, da na nuna musu da sunanka."

Washegari ya zo gidanmu gaida mahaifiyata. Ya kawo mata turmi guda na yadin da ya ci jarrabawa da shi, ƙafar kaza ce ja da baƙi. Ni kuma ya miƙo mini wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga wani abu a cukurkuɗe, duk karaya, rabin da'ira da ta ƙi haɗuwa. Mahaifiyata ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Wannan yaron ya yi ƙoƙari. Saura kaɗan ya yi abin da ba ya yiwuwa."

Mun ci gaba da abota har Allah ya karɓi ransa, bai sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar abin da na yi a matsayin ƙarya da lalaci, kuma haka ne. Amma da na tsufa na gane raini ne ya haife su. Na raina aikin hannun uwata, na ga bai isa a kai shi gaban baƙo ba sai na yi masa kwaskwarima. Istigfari ina yi. Sai dai wanda ya kamata in nemi gafararsa ido da ido shi ne tsohon nan mai tambaya ɗaya, kuma da na samu dama sai na ce masa aiki ne ya ƙaru.

Ƙullin yana nan cikin akwatina. Jikokina in suka gani sukan tambaye ni mene ne. Nakan ce musu tabarma ce, ni na zana ta. Sukan ce ai ba a iya zama a kanta. Nakan ce haka ne.