Kwamfutar da Ta Cinye Muryar Inna

Sana'ata tura wa'azi da waƙoƙi a waya. Shagona na Funtua, kusa da tasha. Ranar kasuwa manoma daga ƙauyukan Malumfashi kan cika mini benci, kowa da mimorinsa ƙulle a leda. Bokona bai yi nisa ba, amma kwamfutata ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Sai ƙanen matata ya dawo daga makaranta da gilashi a ido. Ya ce, "Yaya, tsarin da kwamfutar nan taka ke aiki da shi ya tsufa. Bari in ƙara maka na biyu, in ka kunna sai ka zaɓi wanda za ka shiga." Ban roƙe shi ba. Ya saka.

Daga nan ta koyi iskanci. Yau ta tashi lafiya, gobe baƙin allo da wani ɗan farin layi yana ƙifta mini ido. Ni ba waƙoƙin ne damuwata ba. Akwai bidiyon Inna, mahaifiyata, ranar sunan ɗana, tana yi mini faɗa don na bar hula a gida. Ta rasu, kuma ba ni da muryarta ko'ina sai a cikin wannan akwati.

Gari ya cika da masana. Mai shayi ya ce zafi ne, in jiƙa mata tsumma. Mai faci ya ce in kawo ya hura mata iska. Ƙanen matata mai gilashi kuwa ya ce tsarin biyu ne ke faɗa da juna, ya ja ni wurin wani abokinsa da ya rubuta Injiniya a ƙofar shago da kansa.

Na ce, "Malam, uwata na ciki."

Ya ce, "Haba Alhaji, ba abin da zai taɓa ta."

Ban taɓa zuwa Makka ba, ya kuma sani. Ya goge komai tas, ya sake zuba mata tsari.

Ranar kasuwa aka ɗauke wuta, na tada inji, na kunna. Baƙin allo! Wani dattijo ya ce, "Kai ɗana, ba ni mimorina, mota za ta bar ni." Na zare masa. Sai ga ta ta tashi. Na soka wani na sake kunnawa, ta ƙi. Na zare, ta tashi. Ashe tun ranar da gwanin mai gilashi ya taɓa ta, duk abin da ta tarar a soke, a cikinsa take fara neman hanyar tashi. Ciwon ke nan gaba ɗaya.

Na bar mutane a benci, na shiga neman Inna lungu-lungu. Babu.

Da yamma ƙanen matata ya zo, na nuna masa. Ya gyara gilashi, ya daddanna, ya ce, "Amma Yaya, ka lura yanzu ta fi sauri?"